Hannun da Aslaug Ta Ƙi Kamawa

A tsibirin nan idan shekara ta juya, duk wanda ka haɗu da shi sai ka miƙa masa hannu ka ce, "Barka da sabuwar shekara, na gode da tsohuwar." Haka kowa ya tashi ya tarar. Kuma ba wanda bai san abin da ke ƙarƙashin maganar ba. Da zarar hannu ya haɗu da hannu an faɗi haka, to duk abin da ya shiga tsakaninku bara an binne shi ke nan. Wanda ya koma ya tono bayan ya yi godiya, shi ne marar kunya, ba wanda ya yi laifin ba.

Aslaug tun kanta bai kai tebur ba take faɗin wannan magana. Ta faɗa wa uwar mijinta, matar da ta shekara goma sha tara tana koya mata yadda ake yanka burodi. Ta faɗa wa mai gidan sarrafa kifin da ya kore ta daga aiki tana da ciki. Bana shekarunta saba'in da ɗaya, kuma ta rantse ko za a ɗaga tsibirin a kife shi a teku, ba za ta faɗa wa Torleif ba.

Ga abin da ya faru, don kada wani ya ce rigimar tsufa ce.

Tumakin tsibirin a waje suke kwana, sanyi da zafi, kuma ba abin da suke so kamar ciyawar teku. A gabas akwai wani falalen dutse da ake iya takawa a isa idan ruwa ya janye. Idan ruwan ya tashi dawowa, ta baya yake zagayowa ya datse hanya, tunkiya kuwa ba ta da wayon gudu, nan za ta tsaya tana tauna har ruwa ya kai mata wuya. Shi ya sa kakanni suka gina shingen dutse, suka bar ƙofa guda ɗaya tal da ake ɗaurewa da igiya. Shekara arba'in Halvard, mijin Aslaug, shi ke duba ƙofar nan kowace safiya. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Zai je, ya ja igiyar sau biyu, ya dawo ya sha gahawarsa.

Ana saura mako guda bikin Ista aka yi wata guguwa da ta kwana tana dukan tsibirin. Da safe Halvard ya je ya dawo kamar kullum. Kafin la'asar tumaki ashirin da uku sun nutse a falalen dutse, duk masu ciki, na gidaje biyar. Kwana biyu maza suna jawo gawarwaki da ƙugiya. An tarar da ƙofar shinge a wangale.

A kanti Torleif ya faɗi maganarsa. Torleif maƙwabcinsu ne, shi ke da tarakta, shi ke karanta Littafi a coci ranar da fasto ba ta samu jirgin ruwan shigowa tsibirin ba. Ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya, ya ce shi dai ya hangi Halvard a bakin ƙofar da safe. Iyakar abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba. Ba ya bukatar ƙarawa. Kowa ya san tun farkon shekara an kai Halvard wurin likita saboda mantuwa, kowa ya ji labarin makullin da aka tsinta a cikin firji.

Da zaginsa suka yi da ya fi. Da wani ya zo ƙofar gida ya yi ihu, da Aslaug ta san yadda za ta yi da shi. A'a, tausayinsa suka ji. Suna dafa masa kafaɗa, suna ce masa kada ya damu, kowa da ranarsa. Suka zauna suka yanke cewa daga yau duba ƙofa ya koma hannun Torleif, wai don Halvard ya huta.

Aslaug kuwa tana tsaye a tagar kicin ranar, da tsakar rana, tana feraye karas, ta ga taraktar Torleif ta gangara ta ƙofar shinge. Ta ga ta hawo da tulin ciyawar teku tana ɗigar ruwa, wadda zai zuba wa gonar dankalinsa taki. Ta faɗa a kanti. Ta faɗa a taron masu tumaki. Ta faɗa wa fasto. Torleif ya ce ai shi tun kafin guguwa ya ɗebo ciyawarsa, Aslaug ta rikita kwanaki, kuma ba ya ganin laifinta, mace ce ke kare mijinta. Ta ce kafin guguwa ina aka ga ciyawar da za ta cika kwando a gaɓar nan, balle tarakta? Guguwa ke tumɓuko ta daga ƙasa ta watso ta waje, ko jaririn tsibirin nan ya san haka. Suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Manyan maza, masu gemu, da suka tsufa a bakin ruwa. Ai dole su kalli takalma. Idan dusar ƙanƙara ta toshe hanya, taraktar wa ke share wa kowa ƙofar gida?

Abin da ya fi ci wa Aslaug rai ba su ba ne. Halvard ne ya yarda. Yana zaune zai juyo ya ce, "Aslaug, na ɗaure kuwa?" Ta ce ka ɗaure. Ya ce ina ta sani, ai ba ta wurin. Ya samo guntun igiya, ya riƙa ɗaurewa a ƙafar kujera yana kwancewa, yana ɗaurewa yana kwancewa, wai yana gwada ko hannunsa ya manta. Hannun bai taɓa mantawa ba, ko sau ɗaya. Ya daina zuwa kanti. Ya daina zama a bakin jirgi da sauran tsofaffi. A watan Oktoba ya faɗi a bayan gida wajen itace. Likita ya ce zuciya ce. Aslaug ta ce ƙwarai zuciya ce, kuma ta san wanda ya taka ta.

Sai kuma Gunvor, matar Torleif. Tun suna 'yan shekara sha huɗu suke tsaye kafaɗa da kafaɗa suna barbaɗa wa kifi gishiri, hannuwansu duk tsaga. Gunvor ce ta riƙe ta ranar haihuwar fari. Tun da tumakin nan suka mutu Gunvor ba ta sake ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Sai dai Aslaug ta buɗe da safe ta tarar da gurasar dankali a naɗe cikin tawul an ajiye a kan matakala. Kaji take watsa wa. Kajin Aslaug ba su taɓa yin ƙiba irin ta bana ba.

Da Kirsimeti 'yarta Ingunn ta zo daga birnin Bergen da wani littafi mai bangon fure. Ta ce a wurin aikinsu aka koya musu, kullum mutum ya rubuta abu uku da yake godiya a kansu, wai yana sauke nauyin zuciya, musamman bayan shekara mai wuya irin wannan. Aslaug ta juya littafin gaba da baya. Ita da aka cire daga makaranta aka kai gidan kifi, rubutunta kamar kaza ta bi ta kan laka. Ta ce ta gode, abu ɗaya ke nan, saura biyu. Da yamma Ingunn ta tarar da littafin a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin kicin. Aslaug ta ce shekara shida teburin nan yana rawa, yau ya tsaya, abu na biyu ke nan.

Ingunn ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da uwar ta ce, "Mama, bayan sabuwar shekara zan koma. Ke kaɗai ce a gidan nan, ga gwiwa. Ki ba Torleif hannu kawai, minti ɗaya ne. Baba ya riga ya tafi, ba abin da zai dawo da shi. Idan ƙanƙara ta rufe ki wa zai share miki hanya?"

"Ubanki ya mutu yana zaton shi ya kashe tumakin mutane," in ji Aslaug. "Ke kina mini maganar hanya."

Fasto ma ta zo, yarinya ce mai hankali da ke shigowa a jirgi duk bayan mako biyu. Ta sha gahawa kofi biyu tana zagaye-zagaye, sannan ta ce yafiya tana 'yanta mai yafewa fiye da wanda aka yafe wa. Aslaug ta ce ita a saninta wanda ya ce ya yi laifi ake yafe wa. Yanzu wa za ta yafe wa, tarakta? Fasto ta ce ranar sabuwar shekara bayan addu'a za a sha gahawa a zauren coci, kuma bana tana so kowa ya miƙe ya faɗi abu guda da yake godiya a kai kafin a gaggaisa, tunda shekarar ta jijjiga kowa. Ta ce tana fata Aslaug za ta zo. Aslaug ta ce za ta zo, kada fasto ta damu. Yadda ta faɗa ya sa fasto ta fita tana damuwa.

Ranar ta sa suwaitar Halvard a ƙarƙashin kwat, ta cusa guntun igiyarsa a aljihu. Zauren ya cika, mutum wajen arba'in, tagogi sun yi gumi, ana jin ƙamshin gahawa da jiƙaƙƙen ulu. Aka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya gode da jika, wancan ya gode da sabon ƙugun da aka sa masa a asibiti, wata ta gode da mijinta ya bar taba, mijin ya ce shi dai bai gode ba, aka kwashe da dariya.

Sai Torleif ya miƙe. Ya gyara kwala, ya haɗa hannuwa a gaba yadda yake yi idan zai karanta Littafi. Ya ce shi godiyarsa ga Ubangiji ita ce da ya sa shi cikin mutane masu haƙuri. Ya ce an yi babbar asara a bazara, amma ba wanda ya riƙe kowa a zuciya, ba wanda ya ɗaga wa ɗan'uwanmu Halvard murya, har ya koma ga Mahaliccinsa cikin salama. Aka ce amin. Wasu har da share ido.

Ingunn ta damƙe gwiwar uwarta a ƙarƙashin tebur. Ba ta ma bukata. Aslaug ba ta motsa ba, igiyar kawai ta naɗe a yatsa har yatsan ya yi fari.

Da layi ya zo kanta zauren ya yi tsit, har ana jin ƙarar injin gahawa. Ta dafa tebur ta miƙe. Ta ce tana gode wa Oddvar, da ya haƙa kabarin Halvard ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa tana zubowa yana sake kwashewa, kuma ya ƙi shigowa ko ruwan zafi ya sha don kada ya ɓata mata daɓe. Ta ce tana gode wa Malfrid mai jirgi, da ta riƙe jirgi a gaɓa tana jiran motar asibiti, mutane suna ta danna mata ham, ita ko a jikinta. Ta ce tana gode wa 'yarta da ta wanke rigunan ubanta ta ninke, aikin da ita ta kasa. Ba ta shirya muryarta za ta karye ba, amma ta karye a kan rigunan, sai ta yi tari ta zauna. Oddvar ya yi ja har kunne. Zauren gaba ɗaya ya sauke numfashi. Fasto ta yi murmushi irin na wadda addu'arta ta karɓu. Sun ɗauka shi ke nan, tsohuwa ta huce.

Aka tashi gaisawa. Aslaug ta bi kowa, ta kama hannu, ta faɗi maganar. Ta faɗa wa masu kallon takalma ɗaya bayan ɗaya, tana kallon tsakiyar idonsu har sai sun kawar da kai. Tana gamawa da mai kanti ta juyo, sai ga Torleif a gabanta, hannu a miƙe, fuska cike da alheri.

"Barka da sabuwar shekara, Aslaug. Na gode da tsohuwar."

Ta zura hannuwanta biyu cikin aljihun kwat.

Ya ɗauka ba ta ji ba, ko ya yi kamar ya ɗauka. Ya ƙara matsowa, ya maimaita da ƙarfi yadda ake yi wa kurma. Hannun yana nan a tsaye tsakaninsu, babba, ja, da zoben aure ya nutse cikin nama.

"Na ji ka tun farko," in ji ta. "Mayar da abinka aljihu kafin ya yi sanyi."

Na kusa suka yi shiru, sannan shirun ya bazu har bakin ƙofa. Torleif ya yi 'yar dariya ya waiwaya yana neman masu taya shi. Ya ce haba Aslaug, yau ranar farko ce ta shekara, a gidan Ubangiji ake, abin da ya wuce ai ya wuce. Ta ce a wurinsa ne ya wuce, shi da ya ci dankalinsa ya ƙoshi. Ya ce shi bai riƙe ta da komai ba, duk abin da ta faɗa a kansa a kanti ya yafe. Nan ne ta ji jini ya hau mata kai. Ta ce ji munafuki, wai shi ne ma mai yafewa. Ta ce shekara nawa yana tsayawa gaban mutane da Littafi a hannu, ashe bai taɓa kaiwa shafin da aka hana shaidar zur ba? Ko can ma ƙofa ya tarar ya wuce bai rufe ba?

Wani ya ce a kai ta gida. Wata ta ce baƙin ciki ne, a yi mata uzuri. Fasto ta shigo tsakani da tattausar murya tana kiran sunanta. Ingunn tana jan hannun rigarta tana cewa Mama don Allah. Aslaug ta fizge. Ba Torleif take kallo ba yanzu. Can bayansa, kusa da ƙofar kicin, Gunvor na tsaye da faranti cike da gurasar dankali, ta ƙame kamar an dasa ta.

"Gunvor."

Gunvor ta kawar da kai.

"Gunvor, da ke nake. Dankalinku ya yi kyau bana, kowa ya faɗa. Me kuka zuba masa?"

Torleif ya ce kada ta sa matarsa cikin haukarta. Aslaug ta ce ba da shi take ba, ya rufe mata baki. Gunvor ta kalli farantin ta ce ciyawar teku ce, kamar kowace shekara.

"Wace rana aka kawo ta?"

To, Aslaug ta san abu guda game da Gunvor wanda mijinta ma bai gama sani ba. Gunvor ba ta iya ƙarya. Tun a gidan kifi, idan mai gida ya tambayi wa ya fasa ganga, sai dai Gunvor ta ɓuya a bayi har a tashi aiki, don ta san idan aka tambaye ta za ta faɗa. Wata tara ke nan tana ɓuya. Shi ya sa take ajiye gurasa a matakala ta gudu. Kuma wata tara Aslaug tana sane, ta ƙi zuwa ta tambaye ta, saboda ta san ranar da ta tambaya ta rushe wa ƙawarta gida. Ta yi ta jira ko Torleif zai ji kunya ya faɗa da bakinsa. Yau da ya miƙe ya yi godiya a kan gawar Halvard, jiran ya ƙare.

Farantin ya karkace a hannun Gunvor. Malfrid mai jirgi ta karɓe shi ta ajiye.

"Ranar da tumakin suka mutu ne," in ji Gunvor. Muryarta ƙarama ce amma ba wanda bai ji ba. "Ni na baza ta da hannuna, tana ɗigar ruwa. Da ya hawo na ce masa ka ɗaure ƙofa? Ya ce zai koma ɗebo na biyu, ba sai ya ɗaure ba. Sai na zuba abinci. Ya ci, ya kishingiɗa. Bai koma ba."

Masu gidaje biyar ɗin nan da suka yi asara suka juyo suna kallon Torleif, yau dai sun sami abin kallo da ba takalma ba. Hannunsa ya sauka a hankali. Da ya samu magana, cewa ya yi shi fa bai taɓa cewa Halvard ne ya bar ƙofa ba, a tambayi kowa, cewa ya yi ya hange shi a wurin da safe, kuma gaskiya ne ya hange shi.

Aslaug ta ce haka ne, bai faɗa ba. Ajiye maganar ya yi a kan teburin kanti kamar wanda ya manta da safar hannu, ya bar mutane su ɗauka. Ta ce maƙaryaci na gaskiya ma ya fi shi daraja, shi aƙalla da bakinsa yake aikinsa. Ta ce yanzu ya faɗa, a nan, gaban waɗanda suka dafa wa mijinta kafaɗa.

Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa cikin kwalarsa.

"Kunnena ya tsufa. Ɗazu da za ka gaishe ni ai ka iya ɗaga murya."

"Ni na bar ƙofar," in ji Torleif. "Ba Halvard ba ne."

Ta sa ya faɗi sunan sau biyu. Sannan, don ka san irin mutumin, sai ya sake miƙo hannu. A ganinsa ya biya, saura a rufe magana kafin masu tumaki su fara tasu. Ya ce to yanzu fa, Aslaug?

Ta dubi hannun kamar mushen kifi da ruwa ya watso.

"Wanda ya kamata ka ba hannu yana bayan coci, ƙarƙashin ƙasa. Je ka gwada ko zai karɓa."

Ta juya ga sauran. Ta ce su kuma su gode wa Allah ta riga ta gaisa da su, bakinta ya rufu a kansu, ba za ta zama marar kunyar da ke tono bayan godiya ba. Amma kowa ya je gida ya tambayi kansa yaushe ya fara sanin cewa guguwa ke kawo ciyawa. Mai kanti ya cire tabarau yana gogewa. Fasto ta tsaya riƙe da butar gahawa, ta rasa wa za ta zuba wa.

Gunvor tana nan inda take, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko sharewa. Aslaug ta taka har gabanta. Suka tsaya kamar yadda suka saba tsayawa a gidan kifi, sai dai yau fuska da fuska.

"Da a watan Afrilu kika faɗa, da ya ji da kunnensa."

"Na sani."

"Kin san sau nawa ya tambaye ni ko ya ɗaure?"

Gunvor ta girgiza kai. Ta ɗago hannu kaɗan, ba ta ma miƙa shi sosai ba, don ba ta sa rai. Aslaug ta daɗe tana kallonsa, hannun nan mai tsoffin tsagar gishiri irin nata. Ta kama, ta matse har Gunvor ta runtse ido.

"Na gode da yau," in ji ta. "Tsohuwar kuwa, kada ki tambaye ni tukuna."

Ta ɗauki gurasa guda daga farantin, ta naɗe ta sa a aljihu, ta fita. Tana jin bayanta zauren ya ɓarke da hayaniya, muryar Oddvar ta fi ta kowa, shi da ya rasa tumaki bakwai. Ba ta waiwaya ba.

Ƙarfe biyu da rabi ne amma rana ta riga ta fara tattara kayanta. Ingunn ta biyo ta maƙabarta ta tsaya daga nesa. Fitilar da suka kunna a kan kabarin tun Kirsimeti ta mutu, iska ta karkatar da ita. Aslaug ta durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ta miƙar da fitilar, ta zaro guntun igiyar ta ɗaure ta a jikin ƙarfen da ke kafe a kan kabarin, da irin ƙullin Halvard.

"Ka ɗaure," in ji ta. "Ka ji ko, tsoho mai taurin kai? Na faɗa maka ka ƙi yarda. Ka ɗaure."

Ba abin da ya amsa, kuma ba ta sa ran amsa ba. Wannan ne abin da ba za ta taɓa yafe wa Torleif ba, ko ya faɗi gaskiya sau ɗari: ya faɗe ta ga mutum arba'in, ban da mutum ɗayan da ke bukatarta.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka, manya-manya. Ingunn ta matso ta ɗago ta, ta kalli sama ta ce gobe hanya za ta toshe, kuma ba ta jin tarakta za ta biyo ta ƙofarsu. Aslaug ta ce akwai shebur a rumfa, ba yau ta fara riƙe shi ba. Ta ce Ingunn ta wuce gida ta ɗora ruwa, tana zuwa.

Ba gida ta nufa ba. Gabas ta gangara, tana dafa shingen dutse saboda santsi, tana gutsurar gurasar Gunvor a hanya. Ta yi daɗi, abin haushi. Tumaki suna kwance a jikin shinge sun juya wa iska baya. Ta isa ƙofar, ta duba ƙullin da Torleif ya yi da safe, ta yi tsaki, ta kwance shi gaba ɗaya. Ta sake ɗaurewa yadda ya kamata, sannan ta ja igiyar sau biyu.